Harold Macmillan: Tambayoyi da Amsoshi Kan Firaministan Birtaniya na Zamanin Sauke Tuta

Da wuya a sami wanda ya yi karatun boko a Najeriya bai taɓa riƙe littafi mai ɗauke da sunan Macmillan a bangonsa ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, jikan mutumin da ya kafa wannan kamfani shi ke riƙe da gwamnatin Birtaniya a daren da aka sauke tutar Ingila a Legas. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da shi.

Wane ne Harold Macmillan?

Ɗan siyasar Birtaniya ne daga jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau. An haife shi a Landan ranar 10 ga Fabrairu, 1894, ya rasu ranar 29 ga Disamba, 1986, yana da shekara 92. Ya yi Firaminista daga Janairun 1957 zuwa Oktoban 1963. Kafin nan ya riƙe ma'aikatun gidaje da tsaro da harkokin waje da kuɗi.

Daga wane irin gida ya fito?

Kakansa Daniel Macmillan ɗan ƙaramin manomi ne daga tsibirin Arran a Sikotilan. Shi da ƙanensa Alexander suka kafa kamfanin buga littattafai a 1843, kuma kafin a haifi Harold gidan ya riga ya yi arziki. Mahaifiyarsa Ba'amurkiya ce daga jihar Indiana, mace mai tsanani wadda ta ƙudurta cewa ɗanta sai ya zama wani abu. Ya yi makarantar Eton, inda 'ya'yan manyan Ingila ke karatu, daga nan ya wuce kwalejin Balliol a jami'ar Oxford.

Har ya tsufa yana son tuna wa mutane cewa shi jikan talaka ne, ko da yake a zahiri rayuwar masu hannu da shuni ya yi tun yana cikin zanin goyo. A 1920 ya auri Lady Dorothy Cavendish, 'yar Duke na Devonshire, ɗaya daga cikin manyan gidajen sarautar ƙasar. Saboda haka ƙafarsa ɗaya tana gidan 'yan kasuwa, ɗaya tana gidan sarauta, kuma ya iya taka kowacce idan buƙata ta taso.

Me Yaƙin Duniya na Farko ya yi masa?

Shi ya katse masa karatu, kuma bai sake komawa ya ƙarasa digirinsa ba. Ya shiga rundunar Grenadier Guards, aka ji masa rauni har sau uku. A fagen Loos a 1915 harsashi ya same shi a hannu. Mafi muni shi ne na fagen Somme a Satumban 1916, inda aka harbe shi a ƙugu. Ya kwanta a cikin rami na sa'o'i masu yawa tsakanin dakarun ɓangarorin biyu, yana karanta wani littafin tsohon Girkanci da ke aljihunsa, idan sojojin Jamus sun matso sai ya yi kamar ya mutu. Sauran shekarun yaƙin a asibiti ya yi su, kuma jan ƙafar da mutane suka san shi da ita a tafiyarsa daga nan ta samo asali.

Raunin zuci ya fi na jiki daɗewa. Abokan karatunsa da yawa ba su dawo ba, har ya ce Oxford ta zame masa garin fatalwa. A ramukan yaƙi ne kuma ya fara zama da 'ya'yan leburori da masu haƙar kwal, yana karanta wasiƙun da suke aikawa gida domin aikin hafsa ne ya tantance su. Girmamawar da yake yi wa irin waɗannan mutane ba ta bar shi ba har ƙarshen ransa.

Ta yaya ɗan jam'iyyar masu kuɗi ya riƙa magana kamar ɗan adawa?

Amsar tana garin Stockton-on-Tees, a arewa maso gabashin Ingila. Nan ya fara tsayawa takara a 1923 ya faɗi da ƙuri'u kaɗan, ya ci a 1924, ya sake faɗuwa a 1929, ya dawo a 1931 ya riƙe kujerar har 1945. Gari ne na ƙera jiragen ruwa da sarrafa ƙarfe, kuma lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye a farkon shekarun 1930 masana'antun suka rufe. Magidanta masu sana'a a hannu suka koma zaman bakin titi, shekara da shekaru babu aikin yi. Gani ya kori ji. Macmillan ya shiga gidajensu ya ga yadda rashin aiki ke karya namiji a gaban iyalinsa.

Daga nan ya fara sukar shugabannin jam'iyyarsa da suka ce a bar kasuwa ta gyara kanta. A 1938 ya fitar da littafi yana kira da a bi hanya tsaka-tsaki: a bar 'yan kasuwa su yi kasuwancinsu, amma gwamnati ta tsara tattalin arziki, ta tabbatar kowa ya sami aiki da abin kaiwa bakin salati. 'Yan jam'iyyarsa da yawa suka ɗauke shi ɗan gurguzu a cikin rigar Conservative. Wannan ya sa ya yi shekara 16 da fara shiga majalisa kafin a ba shi ko da ƙaramin muƙami.

Akwai wani abu da ya kamata mu 'yan Afirka mu sani. A 1936, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta janye takunkumin da aka sa wa Italiya saboda mamaye Habasha, Macmillan ya fice daga sahun 'yan majalisar jam'iyyarsa don nuna rashin amincewa, sai a 1937 ya dawo. Ya kuma kasance cikin 'yan tsirarun da suka ƙi goyon bayan lallaɓa Hitler.

Gaskiya ne aurensa ya sami matsala?

Gaskiya ne. Daga wajen 1929 matarsa ta ƙulla alaƙa da wani ɗan majalisa na jam'iyyarsu, Robert Boothby, abin ya ci gaba har rasuwarta a 1966. Manyan Landan duk sun sani, jaridu kuma suka yi shiru. Macmillan bai sake ta ba, ya haɗiye abin, ko da yake a 1931 ya yi rashin lafiyar damuwa mai tsanani.

Yaushe tauraronsa ya fara haskawa?

Da Winston Churchill ya hau mulki a 1940 sai ya jawo waɗanda suka tsaya tare da shi lokacin da ake gudunsa. Macmillan ya sami ƙaramin minista a ma'aikatar samar da kayan yaƙi, ya ɗan taɓa aiki a ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka a 1942, sannan a ƙarshen shekarar aka tura shi Aljiyas a matsayin wakilin gwamnatin Birtaniya a hedikwatar sojojin ƙawance. A nan ya shaƙu da Janar Eisenhower na Amurka, ya kuma san Janar de Gaulle na Faransa. Duka biyun ya sake haɗuwa da su bayan shekaru, kowannensu yana shugaban ƙasa.

A zaɓen 1945 mutanen Stockton suka kayar da shi, amma kafin shekarar ta ƙare ya sami kujerar Bromley kusa da Landan. Da jam'iyyarsa ta dawo mulki a 1951, Churchill ya ɗora masa alkawarin da suka yi wa jama'a na gina gidaje 300,000 kowace shekara, a ƙasar da bama-bamai suka rusa unguwanni kuma kayan gini ke ƙaranci. A 1953 ya cika alkawarin. Wannan aiki ne ya fito da shi daga sahun baya.

Wace rawa ya taka a rikicin Suez?

Rawar da ba ta yi kyau ba. Lokacin da Gamal Abdel Nasser ya mayar da mashigin ruwan Suez mallakar Masar ranar 26 ga Yuli, 1956, Macmillan yana ministan kuɗi, kuma yana cikin waɗanda suka fi zuga Firaminista Anthony Eden a kai hari. Ya kuma yi kuskuren tabbatar wa abokan aikinsa cewa tsohon abokinsa Eisenhower ba zai hana ba. Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka ƙulla makirci suka afka wa Masar. Amurka ta fusata, darajar fam ta fara zubewa, Washington ta toshe hanyar rance. Sai ga Macmillan ɗin nan ya zo majalisar ministoci yana cewa asusu ba zai jure ba, a tsaya. Harold Wilson na jam'iyyar Leba ya siffanta shi da cewa shi ne farkon shiga, shi ne kuma farkon fita.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan Eden kaɗai ruwan ya doka. Ya yi murabus ranar 9 ga Janairu, 1957, washegari Sarauniya Elizabeth ta kira Macmillan ya kafa gwamnati, alhali mutane da yawa sun zaci Rab Butler, wani babban minista a jam'iyyarsu, za a ba. Ya gaya wa Sarauniya cewa ba ya da tabbacin gwamnatin za ta kai mako shida. Ta yi fiye da shekara shida.

Darasin Suez ya zauna masa: Birtaniya ba ta da ƙarfin yin gaban kanta ba tare da Amurka ba, kuma daula tana cin kuɗi. Makonni kaɗan da hawansa ya nemi a yi masa lissafin riba da asara na kowace ƙasa da suke mulka. Duk wanda ke son fahimtar abin da ya biyo baya a Afirka ya riƙe wannan lissafi a ransa.

Me ya sa 'yan Birtaniya suka so shi da farko?

Aljihu ne ya yi nauyi. Aiki ya wadata, albashi ya ƙaru, ma'aikata suka fara sayen talabijin da firiji da mota. A wani taro a Bedford a Yulin 1957 ya ce yawancin mutanen ƙasar ba su taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba, maganar da ta bi shi har kabari, ko da yake a cikin jawabin gargaɗi yake yi kan hauhawar farashi. Wani mai zanen barkwanci ya laƙaba masa Supermac da nufin zolaya, sunan ya juye ya zama kirari. A Janairun 1958 ministan kuɗinsa Peter Thorneycroft da mataimakansa biyu suka ajiye aiki saboda ya ƙi rage kashe kuɗin gwamnati, shi kuwa ya kira abin 'yar matsalar cikin gida, ya hau jirgi ya tafi rangadi. A zaɓen Oktoban 1959 jam'iyyarsa ta ci da rinjayen kujeru 100.

Mene ne jawabin "iskar sauyi" da ake yawan ambato?

A farkon 1960 Macmillan ya yi rangadin kusan mako shida a Afirka: Ghana, Najeriya, Tarayyar Rodeshiya da Nyasaland, sai Afirka ta Kudu. A Accra ya fara furta kalmar ranar 10 ga Janairu, a ƙasar Kwame Nkrumah, amma ba wanda ya kula sosai, domin gaya wa 'yan Ghana cewa zamani ya canja ba labari ba ne. Sun riga sun karɓi ƙasarsu tun 6 ga Maris, 1957.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne Cape Town, ranar 3 ga Fabrairu, a gaban majalisar Turawa zalla ta gwamnatin wariyar launin fata. Ya ce iskar sauyi tana kaɗawa a wannan nahiya, kuma ko sun so ko sun ƙi, farkawar kishin ƙasa a zukatan 'yan Afirka gaskiya ce ta siyasa da dole a yi aiki da ita. Ya ƙara da cewa akwai manufofin Afirka ta Kudu da Birtaniya ba za ta iya goyon baya ba. Firaminista Hendrik Verwoerd ya miƙe nan take ya mayar da martani cewa shi ma farar fata yana da haƙƙin a yi masa adalci a Afirka. Mako bakwai ba su cika ba 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville.

A ganina wannan ita ce rana mafi daraja a rayuwarsa ta siyasa. Shugaban jam'iyyar da ta fi kowace alfahari da daula ya tsaya a gidan masu wariya, yana baƙonsu, ya gaya musu abin da ba sa son ji. Amma a karanta jawabin gaba ɗaya. A cikinsa ya faɗi damuwarsa a fili: shin sababbin ƙasashen Asiya da Afirka za su karkata Gabas ne wajen Tarayyar Sobiyat, ko Yamma? Tsoron kwaminisanci yana cikin abin da ya tura shi, ba tausayi kaɗai ba.

To shi ne ya ba Najeriya 'yancin kai?

A zamaninsa aka yi, amma kalmar bayarwa ta yi masa yawa. Tun 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a majalisar Legas. Taron tsarin mulki na Landan a 1957 ya buɗe wa Jihar Gabas da Jihar Yamma hanyar mulkin kansu, a shekarar ne kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firaminista. Taron 1958 ne ya tsayar da 1 ga Oktoba, 1960, lokacin Alan Lennox-Boyd yana sakataren ƙasashen mulkin mallaka. Jihar Arewa ta sami mulkin kanta ranar 15 ga Maris, 1959. Don haka lokacin da Macmillan ya sauka Legas a Janairun 1960, makonni kaɗan bayan zaɓen tarayya na Disamban 1959, magana ta riga ta ƙare. Ya gana da Tafawa Ɓalewa, ya hau Arewa ya gana da Sardauna Ahmadu Bello. A bikin 'yancin kai Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniya.

Shi da kansa ya ba da labarin wata zantawa da ya yi da wani babban jami'in mulkin mallaka. Ya tambaye shi ko mutanen sun shirya riƙe kansu, jami'in ya ce a'a, sai nan da shekara ashirin ko fiye. Ya ce to me kake ba da shawara? Jami'in ya ce a ba su yanzu, domin idan aka jinkirta duk masu ilimin da za su iya riƙe ƙasa za su zama 'yan tawaye, a cika kurkuku da su. Akwai raini a cikin wannan magana, kuma akwai lissafi. Macmillan yana kallon yadda yaƙin Aljeriya ke cin Faransa, idan kuwa gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Ga shi kuma a 1960 ɗin Faransa ta saki Kamaru da Nijar da Chadi da sauransu, Beljiyam ta fice daga Kwango.

Inda hannunsa ya fi bayyana shi ne gabashi da tsakiyar Afirka, inda Turawa 'yan kama-wuri-zauna ke da gonaki da murya a Landan. Bayan zaɓen 1959 ya naɗa Iain Macleod sakataren ƙasashen mulkin mallaka, wanda ya gaggauta komai. Tanganyika ta sami 'yanci a Disamban 1961, Yuganda a Oktoban 1962, Kenya kuma wata biyu bayan saukarsa. 'Yan ra'ayin riƙau na cikin jam'iyyarsa suka kira wannan cin amana, har suka kafa ƙungiyar Monday Club a 1961 don yaƙar manufar.

A zamaninsa ne kuma aka yi ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, inda Arewacin Kamaru da Birtaniya ke riƙo ya zaɓi shiga Najeriya ya zama Lardin Sardauna.

Akwai abin zargi a tarihinsa game da Afirka?

Akwai, kuma ba ƙarami ba. A Maris na 1959 masu gadi suka lakaɗa wa fursunoni 11 na ƙungiyar Mau Mau mai yaƙar mulkin mallaka duka har lahira a sansanin Hola a Kenya, hukuma kuma ta fara da cewa ruwa suka sha ya kashe su. Lennox-Boyd ya nemi ya ajiye aiki, Macmillan ya hana shi domin zaɓe na tafe. A shekarar ne alƙali Devlin ya binciki dokar ta-ɓaci a Nyasaland, Malawi ta yau, ya ce an mayar da ƙasar ta 'yan sanda, gwamnatin Macmillan ta yi watsi da mafi yawan rahoton. Sai a 2013 gwamnatin Birtaniya ta amince ta biya diyyar fam miliyan 19.9 ga 'yan Kenya 5,228 da aka azabtar a zamanin dokar ta-ɓaci.

A Najeriya, an haɗa 'yancin kai da yarjejeniyar tsaro da ta ba sojojin Birtaniya wasu damammaki a ƙasar. Ɗalibai da 'yan adawa suka tashi tsaye, aka soke ta a Janairun 1962. A taron ƙasashe renon Ingila na Maris 1961 Macmillan ya so a sami hanyar da Afirka ta Kudu za ta ci gaba da zama a ƙungiyar, shugabanni irin su Tafawa Ɓalewa da Nkrumah da Nehru ne suka matsa har Verwoerd ya janye. Sannan dokar 1962 ta gwamnatinsa ce ta fara rufe ƙofar Birtaniya ga 'yan ƙasashen da ta mulka, waɗanda a da suke shiga ba tare da shamaki ba.

Yaya ya yi da Amurka da Turai?

Da Amurka ya yi nasara. Ya gyara tsakaninsa da Eisenhower a taron Bermuda a Maris 1957, ya kuma shaƙu da John Kennedy duk da tazarar shekaru, har suna magana ta waya a kwanakin rikicin makaman Kyuba a Oktoban 1962. A Nassau a Disamban shekarar ya samo wa Birtaniya makamai masu linzami na Polaris. Abin da ya fi alfahari da shi shi ne yarjejeniyar Agustan 1963 da Amurka da Tarayyar Sobiyat, wadda ta hana gwajin makaman nukiliya a sararin sama da cikin ruwa.

Da Turai kuwa ya sha ƙasa. A 1961 ya nemi shigar da Birtaniya kasuwar tarayyar Turai, de Gaulle ya hau kujerar na-ƙi ranar 14 ga Janairu, 1963.

Me ya kawo ƙarshen mulkinsa?

Abubuwa ne suka taru. Tattalin arziki ya yi sanyi, gwamnati ta dakatar da ƙarin albashi a 1961, jam'iyyarsa ta rasa kujerar Orpington da take ganin tata ce a Maris 1962. A Yulin wannan shekara ya kori ministoci bakwai cikin kwana biyu, kashi ɗaya cikin uku na majalisarsa, har da ministan kuɗi Selwyn Lloyd. Mutumin da aka sani da natsuwa sai aka ga ya firgita.

Sai badaƙalar John Profumo, ministan yaƙi, wanda ya yi hulɗa da wata budurwa, Christine Keeler, da ita kuma ke hulɗa da wani jami'in sojan ruwa na ofishin jakadancin Sobiyat. Profumo ya yi wa majalisa ƙarya a Maris 1963, Macmillan ya yarda da shi, a watan Yuni gaskiya ta fito, Profumo ya yi murabus. Jama'a suka ga Firaminista dattijo ne da bai san abin da ke gudana a gidansa ba. A Oktoba ciwon mafitsara ya kwantar da shi aka yi masa tiyata, ya ajiye mulki ranar 18 ga wata yana gadon asibiti. Daga kan gadon ya shirya yadda Alec Douglas-Home zai gaje shi, aka sake tsallake Butler.

Me ya yi bayan ya sauka?

Ya bar majalisa a 1964 ya koma shugabancin kamfanin gidansu na tsawon shekara goma. A wannan lokaci ne kamfanin ya faɗaɗa harkarsa a Afirka, har ya shiga cikin kafa kamfanin buga littattafai na Arewacin Najeriya, NNPC, a Zariya a 1966, wanda littattafan Hausa da yawa suka fito ta hannunsa. Ya riƙe muƙamin uban jami'ar Oxford daga 1960 har rasuwarsa.

Ranar da ya cika shekara 90, a 1984, ya karɓi sarautar Earl, ya zaɓi a kira shi da sunan Stockton, garin da ya kayar da shi sau uku. A jawabinsa na farko a majalisar dattawa a Nuwamban shekarar, ana tsakiyar yajin aikin masu haƙar kwal da gwamnatin Margaret Thatcher, ya ce abin yana karya masa zuciya, domin waɗannan su ne mutanen da suka ci sojojin Kaiser, sarkin Jamus, da na Hitler da yaƙi. A 1985 ya kwatanta sayar da kamfanonin gwamnati da magidancin da ya shiga matsi ya fara fitar da kayan gadon gidansu kasuwa, azurfa ta fara tafiya, kujeru su biyo baya. Ya rasu a gidansa na Birch Grove a yankin Sussex, aka binne shi a maƙabartar cocin ƙauyen Horsted Keynes kusa da matarsa Dorothy.